Sandar FC ta ƙi zama: muhawara kan lissafin ƙarfi a sandunan tiras

Nasiru:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ga wani lissafin tiras, wato sandunan da aka harhaɗa kusurwa uku-uku don ɗaukar nauyi, da nake so a duba mini. Irin na Pratt ne, tsawonsa mita 12, an raba shi ɗaki huɗu, kowane ɗaki mita 3, tsayinsa kuma mita 4. Mahaɗan ƙasa daga hagu su ne A, B, C, D, E. Na sama F tana bisa B, G bisa C, H bisa D. Layin ƙasa AB, BC, CD, DE. Layin sama FG da GH. Na gefe masu karkata AF da EH. Na tsaye BF, CG, DH. Sai FC da HC masu gangarowa tsakiya. A tana kan fin, mazaunin da ke barin juyawa amma ba ya barin zamewa, E tana kan rola, mai barin gangarawa gefe. Lodin a ƙasa yake rataye: kN (kilonewton, ma'aunin ƙarfi) 24 a B, 40 a C, 8 a D. Na samu A tana ɗaukar 40, E tana ɗaukar 32. AF matsi 50, AB ja 30, BF ja 24. Amma FC ta ba ni 80, da na iso C kuma lissafin ya ƙi rufewa. A ina na kauce hanya?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Martanin mazaunanka, wato ƙarfin da A da E ke ɗauka, daidai ne. Juyi, wato ƙarfi sau nisansa, a kan A: 24 sau 3, da 40 sau 6, da 8 sau 9, jimla 384, a raba da 12 ya ba da 32 a E, ragowar 40 daga cikin 72 na A ne. AF da AB da BF ma ba su da matsala. A mahaɗar F ka yi tuntuɓe, kuma daga ganin 80 ɗin nan an san abin da ya faru: ka haɗa 40 da 24 ka samu 64, ka raba da 0.8.

Duba F da kyau. AF tana cikin matsi, sanda mai matsi kuwa ture mahaɗa take yi, don haka tana tura F sama da 40, tana tura ta dama da 30. BF tana cikin ja, sanda mai ja kuwa janyo mahaɗa take yi zuwa cikinta, don haka tana jan F ƙasa da 24. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, debewa za ka yi. 40 a cire 24, saura 16. Wannan 16 ɗin FC za ta janyo ƙasa. Tsawonta mita 5, rabonta na tsaye 4 bisa 5, to FC = 16 ÷ 0.8 = kN 20, ja.

A kwance kuma AF na turawa dama da 30, FC na ja dama da 12, wato 20 sau 0.6. FG sai ta tare su duka, kN 42, matsi.

Malama Hauwa:
Nasiru, ƙari kan bayanin Injiniya Bala. Maganin wannan kuskuren shi ne ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga farko: duk sandar da ba ka san ƙarfinta ba, ka ɗauka tana cikin ja, ka zana kibiyarta tana fita daga mahaɗa. In amsa ta fito da alamar debewa, matsi ne. Idan ka matsa mahaɗa ta gaba, ka sake zana kibiyar tana fita, ka shigar da lambar da alamarta yadda take, wato AF = −50. Kada ka juya kibiyar kuma ka bar alamar debewa a jikin lambar. Wanda ya yi haka ya juya abu sau biyu, ya koma gidan jiya.

Ga sauran don ka gwada da naka. A G babu lodi, FG da GH suna kan layi ɗaya, don haka CG sifili ce, GH kuma −42. Daga E: EH = −40, DE = 24. A D: DH = 8, CD = 24. A H: EH na tura sama da 32, DH na ja ƙasa da 8, saura 24, HC = 30, ja.

Yanzu C ta zama ma'auni. A tsaye 16 na FC da 24 na HC sun ba da 40, daidai da lodin. A kwance hagu akwai 30 da 12, dama akwai 24 da 18, 42 kowane ɓangare. Ta rufe.

Nasiru:
Na gani, Malama. Na gode ƙwarai. Wato da na sa −50 yadda take da ban faɗa ramin ba.

Injiniya Garba:
Ni dai ina da ja a kan bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya in sanda guda ake nema. Hanyar mahaɗa kamar sarƙa take, kuskuren F ya bi ka zuwa G, ya bi ka zuwa C, ba ka farga ba sai a ƙarshe. Da ka yanka tiras ɗin tsakanin B da C, ka ratsa FG, FC da BC, ka riƙe ɓangaren hagu, da layi uku sun gama maka aiki.

A tsaye: FG da BC a kwance suke, ba ruwansu da sama ko ƙasa. FC kaɗai ke ɗauke da shiyar wannan ɗakin, wato ragowar ƙarfin tsaye da ke ratsa shi, 40 a cire 24, 16, a raba da 0.8, 20.

Juyi a kan C, inda FC da BC suka haɗu suka fita daga lissafi: 40 sau 6 a cire 24 sau 3, 168, a raba da tsayi 4, FG = 42 matsi.

Juyi a kan F, inda FG da FC suka haɗu: 40 sau 3, 120, a raba da 4, BC = 30 ja.

Kowace amsa ta fito da ƙafarta, babu wadda ta jingina da 'yar'uwarta. Wannan ita ce hanyar da ake dangantawa da August Ritter, Bajamushe, kuma sirrinta ɗaya ne: ka zaɓi wurin ɗaukar juyi inda sanduna biyu daga cikin ukun da ka yanka suka haɗu.

Injiniya Bala:
Injiniya Garba, ban ƙi ta taka ba, amma wanda zai zaɓi girman ƙarfe yana bukatar duk sanduna 13, ba guda ɗaya ba. Yanka sau biyar ko shida bai fi bin mahaɗai takwas sauƙi ba. Abin da ya dace shi ne a bi mahaɗai, a yi yanka ɗaya a tsakiya a matsayin shaida. Da Nasiru ya yi haka, FG ɗinsa ta hanyar mahaɗa za ta ba shi 78, yanka ya ba shi 42, nan take ya san akwai ɓaraka kafin F ko a F.

Injiniya Garba:
A kan wannan mun daidaita. Abin da nake so ɗalibi ya gani dai shi ne tiras tamkar katako ne da aka gitta tsakanin mazaunai, mai rami. Layin sama da na ƙasa juyi suke ɗauka, ƙarfinsu shi ne juyi a raba da tsayi. Masu karkata shiya suke ɗauka. Wanda ya gane haka zai iya hasashen amsa kafin ya taɓa kalkuleta. Misali a rage tsayin wannan tiras ɗin zuwa mita 2: FG ta tashi daga 42 zuwa 84, AF kuma tsawonta ya koma mita 3.61, rabonta na tsaye 0.555, ƙarfinta ya haura 72. Mai gini ya ce a rage tsayi don kyan gani, ƙarfe ne zai biya.

Safiya:
Malamai, ina da tambaya a kan CG. Tunda sifili ce, me ya sa ba za a cire ta a huta ba?

Malama Hauwa:
Tambaya mai kyau, ƙanwata, kuma a nan mutane da yawa ke yin ɓarna. Fara da ƙidaya. Sanduna 13, martanin mazauni 3, jimla 16. Mahaɗai 8, kowace tana ba da lissafin daidaito biyu, 16. Sun yi daidai, shi ya sa lissafin hannu ya wadatar. In kika cire CG kika bar G a matsayin mahaɗa mai fin, kin koma 15 a gaban 16, FG da GH za su iya karyewa a G kamar gwiwa. In kuma kika mai da F zuwa H sanda ɗaya miƙaƙƙiya, sanduna 11 da martani 3, mahaɗai 7, 14 da 14, tiras ɗin ya tsaya a lissafi. Amma yanzu sandar da ke ɗauke da matsin 42 tsawonta ya tashi daga mita 3 zuwa 6 ba tare da abin da ya riƙe ta a tsakiya ba. Nauyin da ke sa sanda ta kantare yana raguwa ne da tsawo sau tsawo. Kin ninka tsawo biyu, juriyar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Sannan sifilin nan na wannan lodin ne kawai. Ranar da aka ɗora kN 10 a kan G, CG ta zama matsi 10.

Baba Injiniya:
Ku bar ni in tsoma baki a kan ƙidayar nan, don ana yawan riƙe ta kamar ita ce hukuncin ƙarshe. Sanduna da martani su yi daidai da mahaɗai sau biyu sharaɗi ne, amma bai isa ba. Ku ɗauke FC daga ɗakinta, ku mai da ita ɗakin da ke kusa, daga G zuwa D, ta gicciya da HC. Ƙidaya tana nan 13 da 3 da 8, ba abin da ya canza. Amma ɗakin B, C, G, F ya zama mai kusurwa huɗu mara sanda a karkace, babu abin da zai ɗauki shiyar 16 ɗin nan, zai goce ya kwanta. Ɗaya ɗakin kuma sanda ta yi masa yawa, lissafin daidaito kaɗai ba zai raba ƙarfi tsakanin masu gicciyen ba. Don haka bayan ƙidaya a duba da ido: kowane ɗaki ya zama mai kusurwa uku.

Haka mazaunai. Martani uku da duk suke fuskantar sama, kamar rola uku, ba su hana tiras zamewa gefe. Uku da layukansu suka haɗu a wuri ɗaya ba su hana shi juyawa.

Nasiru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. To tunda FC da HC duk ja suka fito, ashe zan iya sa musu siririn rodi ko falan ƙarfe?

Baba Injiniya:
A'a yaro, kada ka yi gaggawa. Hikimar tiras ɗin da Thomas Pratt da mahaifinsa Caleb suka yi wa rajista a 1844 ita ce dogayen sanduna masu karkata su ɗauki ja, gajerun na tsaye su ɗauki matsi. Na William Howe na 1840 akasin haka ne, masu karkata na katako suna matsi, na tsaye rodin ƙarfe suna ja. Amma wannan rabon yana tsayawa ne muddin lodi ya bazu yadda aka zata.

Gwada da naka. Cire lodin C da na D, bar 24 a B kaɗai. E ta ɗauki 6, A ta ɗauki 18. Shiyar ɗakin B zuwa C ta zama 18 a cire 24, −6. FC = −7.5. Ta juye ta koma matsi. Rodi mai kaurin milimita 16 da tsawon mita 5 ko kN ɗaya na matsi ba zai riƙe ba, lanƙwashewa zai yi kamar igiya. Nauyin tiras ɗin kansa zai rage wannan juyewar, wani lokaci ya shafe ta, amma sai an lissafa an gani. Shi ya sa a tsofaffin gadojin jirgin ƙasa za ka ga ɗakunan tsakiya da rodi biyu a gicciye: in jirgi yana wannan gefe ɗaya ta yi aiki ɗaya ta saki, in ya wuce su yi musaya.

A rufin gini iska ce ke wannan aikin. Rufi mara nauyi, iska ta tsotse shi sama, duk alamomi su juye: layin ƙasa da aka zana don ja ya koma matsi, ga shi yawanci babu abin da ya tokare shi ta gefe.

Injiniya Garba:
Tunda Baba ya kawo iska, ga ƙaramin gwaji. Ƙara kN 12 a kwance a F, yana turawa dama, a kan lodin farko. Rola ba ta riƙe komai a kwance, don haka A ce za ta ɗauki 12 ɗin duka. Juyinsa 12 sau 4, 48, a raba da 12, 4: E ta koma 36, A ta koma 36. AF ta sauka zuwa −45, AB kuwa ta hau zuwa 39, wato 27 na AF da 12 na mazauni. Masu mantawa da martanin kwance a fin su ne ke samun AB = 27 su yi ta neman inda 12 ta shige.

Safiya:
To yaya ake tashi daga waɗannan lambobin zuwa girman ƙarfe? Ƙarfi a raba da juriyar ƙarfe kawai?

Injiniya Bala:
Ga mai ja, kusan haka ne, sai dai a cire ramin ƙusa. Ga mai matsi, sam ba haka ba ne. Mu ɗauki AF, kN 50 a tsawon mita 5.

Bututun ƙarfe mai faɗin milimita 60.3 da kaurin 3.2, faɗin fuskar yankansa kusan mm² 574. In ƙarfen S275 ne, wato mai juriyar N/mm² 275, 574 sau 275 ya ba da kusan kN 158. Wanda ya tsaya nan zai ce ya ninka abin da ake bukata sau uku, ya tafi da murna. Yanzu kawo lissafin Euler, mai ba da nauyin da ke sa sanda ta kantare: π² sau E sau I, a raba da tsawo sau tsawo. E, ma'aunin taurin ƙarfe, N/mm² 210,000, I, ma'aunin juriyar siffar wannan bututun ga lanƙwasa, kusan mm⁴ 235,000, tsawo 5,000. Amsa kN 19.5. Wato tun kafin lodi ya kai rabin 50 bututun ya kantare ya fita gefe, ƙarfen kansa ko gumi bai yi ba.

Hau zuwa 88.9 da kaurin 4: fuska mm² 1,067, I kusan 963,000, Euler ya ba da kusan kN 80. Kamar ya isa, amma Euler na sanda ce miƙaƙƙiya sak wadda lodi ya bi ta tsakiyarta daidai, irin wadda babu ita a duniya. In aka bi lanƙwasar ragi ta Eurocode 3, ƙa'idar zanen ginin ƙarfe ta Turai, wannan bututun yana ba da wajen 71 in da zafi aka gama shi, wajen 62 in a sanyi aka naɗe shi. Shi kuma 50 ɗin ba a ninka shi da ma'aunin kariya ba tukuna: 1.35 ga nauyin dindindin, 1.5 ga mai zuwa ya tafi, wato tsakanin 67.5 da 75. Ka ga bai tsallake ba. Na 114.3 da kaurin 4, fuska kusan 1,390, Euler kusan 175, bayan ragi wajen 123 ko da na sanyi ne. Wannan ya zauna.

Malama Hauwa:
A lura da kalmar tsawo a lissafin nan. Ba tazarar mahaɗa zuwa mahaɗa ba ce a kowane hali. Sanda tana iya kantarewa ta fuska biyu: cikin shafin tiras ɗin, ko ta fita gefe. CG tana riƙe G kada ta yi sama ko ƙasa, amma ba ta hana ta fita gefe. In babu tokarin gefe a F, G da H, layin sama gaba ɗaya yana iya lauyewa waje, kuma tsawon da za a sa a lissafi ya wuce mita 3 nesa ba kusa ba. Lissafin takarda mai shafi ɗaya ba ya nuna wannan ko kaɗan. Yawancin tiras ɗin rufi da ke faɗuwa lokacin ɗorawa, kafin a ɗaure su da juna, ta nan suke tafiya.

Mansur:
Ni fa ina ganin duk wannan wahalar ta wuce zamani. A zana a manhaja, minti biyu ta fitar da komai har da launi.

Injiniya Garba:
Malam Mansur, manhaja abin da ka ba ta take dafawa. Ga gwaji da wannan tiras ɗin. Sa fin a A, sa fin a E maimakon rola, abin da hannu ke saurin dannawa. Martani ya zama 4, ƙidaya 17 a gaban 16. Yanzu layin ƙasa ba shi da damar miƙewa, don haka mazaunai za su matse shi. In sandunan ƙasa huɗun girmansu ɗaya ne, matsin zai zama matsakaicin 30, 30, 24 da 24, wato 27. Manhaja za ta nuna maka AB = 3, BC = 3, CD = −3, DE = −3. Ka ga lambobi ƙanana ka zaɓi siririn ƙarfe. A wurin gini kuwa tiras ɗin yana kan ginshiƙai masu ɗan motsawa, ba za su iya riƙe turin kN 27 a kwance ba, su buɗe kaɗan, 30 ɗin ta dawo kan sandar da aka zana don 3.

In kuma mazaunan da gaske ba sa motsi, wata matsalar ce: zafi. Ƙarfe na miƙewa kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Ƙarin digiri 30 a mita 12 milimita 4.3 ne. A kan rola ba komai, ta gangara ta ba shi wuri. A tsakanin fin biyu, da bututun mm² 1,390, wannan ƙaramin motsin da aka hana ya zama matsin kusan kN 105, fiye da sau uku na abin da lodin ya jawo.

Mansur:
To na ji wannan. Amma ai ita ma hanyar hannun ƙarya take yi, tana cewa mahaɗai fin ne alhali walda ake yi ko ƙusoshi huɗu shida.

Baba Injiniya:
Gaskiyarka a rabi. Mahaɗar walda tana riƙe juyi, kuma idan tiras ya lotsa sanduna suna ɗan lanƙwasa a bakin mahaɗa. Amma in sandunan sirara ne idan aka gwada da tsawonsu, ƙarfin da ke bin tsawon sanda kusan bai canzawa, bambancin kaɗan ne. Inda zaton fin ke cin amana wuri uku ne, kuma duk ukun laifin mai zane ne ko mai haɗawa.

Na ɗaya, lodi a tsakiyar sanda. A ce 40 ɗin nan ba a C aka rataye shi ba, a tsakiyar BC ne. Don lissafin tiras sai a raba, 20 a B, 20 a C. Amma BC kanta ta zama katako mai tsawon mita 3 da lodi a tsakiya, juyinta 40 sau 3 a raba da 4, kNm 30, a kan jan da take ɗauke da shi. Bututun da muka zaɓa ɗazu ko kusa ba zai iya ba. Haka in aka ɗora falin rufi, wato sandunan da kwano ke kwanciya a kai, a tsakanin mahaɗai, ko aka rataye tankin ruwa ko injin sanyaya ɗaki inda aka ga dama.

Na biyu, layukan tsakiyar sanduna su ƙi haɗuwa a ɗigo ɗaya. Mai walda ya matsar da FC milimita 50 don ya samu wurin sa hannu, ka samu juyin da babu shi a lissafi. Ƙarfin 20 na FC da gocewar milimita 50 kNm 1 ne.

Na uku, gajerun sanduna masu kauri, inda taurin mahaɗa ke da tasiri sosai. Nan kam a bar wa manhaja, a shigar da mahaɗai a matsayin masu tauri, a duba juyin.

Malama Hauwa:
In ƙara na huɗu, Baba: mahaɗar kanta. Ana ɓata awa uku a kan sanduna, a bar farantin mahaɗa ga mai haɗawa ya yanko abin da ya samu. Gadar I-35W da ke kan kogin Misisifi a Minneapolis ta Amurka ta rufta ranar 1 ga Agusta 2007, mutum 13 suka rasu, 145 suka ji rauni. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta ƙasar ya gano farantan wasu mahaɗai kaurinsu rabin inci ne, kusan milimita 13, wajen rabin abin da ya kamata, kuskure tun daga zane. Shekaru 40 gadar tana aiki, ana ƙara mata nauyin kankare a gyare-gyare, ranar kuma an jibge yashi da tsakuwa da injinan aiki a kanta. Sandunan ba su ne suka fara sallamawa ba.

A ƙaramin aiki ma haka. Angil, ƙarfe mai siffar L, mai 50 da 50 da kaurin 5 fuskarsa mm² 480. Huda ramin milimita 18 don ƙusa M16, mai kaurin milimita 16, ka cire 18 sau 5, saura 390. In kuma ta ƙafa ɗaya kawai aka ɗaure shi da faranti, ɗaya ƙafar ba ta shiga aiki sosai a bakin mahaɗa, ƙa'idojin zane suna ƙara rage masa.

Injiniya Bala:
Sai nauyin tiras ɗin kansa, wanda Nasiru bai sa ba. Ana farawa da hasashe, a zaɓi ƙarfe, sannan dole a dawo a auna nauyin gaske a sake lissafi. Gadar Kebek ta Kanada da ta faɗi ranar 29 ga Agusta 1907 tana cikin gini, mutum 75 suka mutu, an ƙara tsawon tsakiyarta daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800 ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Sandunan layin ƙasa masu matsi kusa da ginshiƙi sun fara lanƙwasa ana gani, ana musu a kan ko da can haka suka zo daga masana'anta, har suka kantare.

A naka, Nasiru, jimlar tsawon sanduna: ƙasa 12, sama 6, masu karkata huɗu 20, na tsaye uku 12, mita 50. Bututun 114.3 da kaurin 4 kusan kilo 10.9 ne a mita, wato kilo 545, kusan kN 5.3, ban da faranti da ƙusoshi. Raba nauyin kowace sanda biyu, rabi ga kowace mahaɗar bakinta. Ka ga G ta samu ɗan lodi, CG ta daina zama sifili cif.

Nasiru:
Na rubuta duka. Saura abu ɗaya, malamai: an ce in nemo lotsawar C. Daga ina zan kama?

Injiniya Garba:
Cire duk lodi, sa kN 1 a C yana kallon ƙasa, sake lissafin sanduna. A da E rabi-rabi. AF da EH −0.625, layin ƙasa duka 0.375, FG da GH −0.75, FC da HC 0.625, na tsaye uku sifili. Sai kowace sanda ka ninka ƙarfinta na gaske da wannan ƙaramin, ka ninka da tsawonta. Debewa sau debewa tarawa ce, don haka a nan duk amsoshin masu alamar tarawa ne.

AF 156.25, EH 125, AB da BC 33.75 kowace, CD da DE 27 kowace, FG da GH 94.5 kowace, FC 62.5, HC 93.75. Jimla 748. In duk sandunan mm² 1,390 ne, E sau fuska kN 291,900. 748 a raba da 291,900, mita 0.00256, wato kusan milimita 2.6. In girman sandunan ya bambanta, kowane layi ka raba shi da nasa kafin ka tara. Kuma a nan lodin da ba a ninka da ma'aunin kariya ba ake amfani da shi.

Baba Injiniya:
A ƙara masa da cewa 2.6 ɗin nan ta miƙewa da tsukewar ƙarfe ce kawai. In mahaɗan na ƙusa ne, ramin ya fi ƙusar faɗi da milimita 2, kuma kowace mahaɗa tana iya zamewa kafin ƙusa ta ciji bakin rami. A sa zamewar milimita 1 kawai a kowane bakin sanda, 2 a sanda ɗaya, a ninka da ƙananan lambobin da Garba ya lissafa: 0.625 sau huɗu, 0.375 sau huɗu, 0.75 sau biyu, jimla 5.5, sau 2, milimita 11. Ta ninka lotsawar ƙarfen fiye da sau huɗu. In ba a son haka, ko a yi walda, ko a sa ƙusoshin da ake ɗaurewa da ƙarfi har faranti su riƙe juna da gogayya, ko a ɗan ɗaga tsakiyar tiras ɗin tun wurin haɗawa.

Nasiru:
Wato in tambayar jarrabawa ce in ba da 2.6, in zanen aiki ne in nemi sanin irin mahaɗar tukuna.

Malama Hauwa:
Haka ne. Kuma ka sake lissafin da nauyin tiras ɗin a ciki, ka turo mana sabbin lambobin FC a yanayi biyu: lodi duka, da lodin B kaɗai. Ina so in ga ko nauyin kan nata ya isa ya shafe −7.5 ɗin nan, don a ƙiyasina ba zai isa ba.